Na yi gwajin suga da safe na ga 131: na kamu ke nan?

Tambaya: Shekarata 46, kuma mahaifiyata tana fama da ciwon suga. Na shiga kemis wajen ƙarfe tara na safe ban karya ba, shayi da madara kawai na sha, ban sa suga ba. Aka soke min yatsa, na'ura ta nuna 131. Mai kemis ya ce ciwon suga ne, in fara shan magani. Ni kuma ba na jin komai a jikina. Shin na kamu ke nan?

Amsa: Malam, 131 ba lambar da za a kau da kai a kanta ba ce, musamman ga wanda ya haura 40 kuma ciwon yana cikin gida. Amma ba ta isa a ce ka kamu ba, balle a ɗora ka a kan magani. Da na'urar yatsa aka yi gwajin, ka sha madara kafin a yi, kuma sau ɗaya tak aka yi. Kowanne daga cikin ukun nan ya isa ya sa likita ya ce a sake.

Gwajin da kake buƙata shi ne wanda likitoci ke rubuta FBS ko FBG ko FPG a takarda, wato awon suga a jini bayan an kwana ba a ci komai ba. Dalilin yin sa da yunwa shi ne, idan mutum ya ci abinci sugansa kan hau gwargwadon abin da ya ci, ba za a iya kwatanta wanda ya ci tuwo malmala uku da wanda ya sha kunu kofi ɗaya ba. Da dare kuwa, bayan abincin ya gama narkewa, hanta ce ke sakin sugan da ta adana a hankali don ƙwaƙwalwa da sauran jiki su samu, sinadarin insulin kuma shi ke taka mata burki kada ta wuce gona da iri. Idan insulin ɗin ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin sa yadda ya kamata, sai hanta ta kwana tana zuba suga, a wayi gari jini cike. Abin da gwajin safe ke nunawa ke nan.

Ga yadda ake karanta sakamakon, idan daga jijiya aka ɗebi jinin aka auna a ɗakin gwaji. Ƙasa da 100 mg/dL lafiya ƙalau. Daga 126 zuwa sama ciwon suga ne, matuƙar gwaji na biyu ya tabbatar. Tsakanin nan akwai matakin da mutum bai kamu ba amma yana bakin kamuwa, kuma a nan masana sun rabu: Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka ta ce matakin ya fara daga 100 zuwa 125, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 110 zuwa 125. Shi ya sa mai 104 zai iya jin wani likita ya ce lafiyarsa lau, wani ya ce ya kula. A kan 126 kuwa bakinsu ɗaya. Da can iyakar 140 ce, a 1997 Amurkawa suka sauko da ita 126, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a 1999, saboda an lura daga wajen nan ne lalacewar ƙananan jijiyoyin ido ke fara yawaita a cikin jama'a.

Ka duba ma'aunin da aka rubuta kusa da lambar, don rikici da yawa daga nan yake tasowa. A Najeriya wasu ɗakunan gwaji suna rubuta mg/dL, wasu mmol/L. Idan kana son juya na farko zuwa na biyu ka raba da 18: 126 ya zama 7.0, 100 ya zama 5.6, naka 131 ya zama kusan 7.3. A Nijar da Kamaru da Chadi, inda ake bin tsarin Faransa, galibi da g/L ake rubutawa, sai ka ga 1,26 a maimakon 126. Duk abu ɗaya ne. Ana samun wanda ya saba da na'ura mai nuna 120 ya gwada a wata mai nuna 12.0 ya ɗauka sugansa ya faɗi ƙasa har ya nemi lemon kwalba, alhali 12.0 ɗin daidai take da 216.

Shirin gwajin ba shi da wuya, amma a nan mutane suka fi ɓata shi. Ka ci abincin darenka na yau da kullum, ka gama kamar ƙarfe tara bayan isha'i, sannan a ɗebi jinin tsakanin bakwai da tara na safe. Mafi ƙaranci awa 8 ba ci, mafi dacewa 8 zuwa 12. Kada ka zarce har azahar kana zaune a layi, don idan yunwar ta yi tsawo lambar kan canza, kuma ba a kan irin wannan aka gina iyakar 126 ba. Ruwa zalla ka sha yadda kake so. Mutanenmu da an ce kada su ci komai sai su haɗa har da ruwa kamar watan Ramadan, su iso jijiya ta ɓuya, ma'aikaci ya yi ta lalube da allura. Abin da aka hana shi ne shayi ko da ba suga, kofi, koko, kunu, zuma, dabino, cingam, alewar tari, goro da taba. Goro da kofi da shayi suna da sinadarin da ke iya ɗaga suga a wasu mutane. Madara kuma tana da nata sugan na asali, wasu madarar gwangwani da na gari ma an ƙara musu wani, don haka shayin da ka sha ya riga ya fitar da gwajinka daga sahun gwajin yunwa. Asuwaki da buroshi ba laifi in ba a haɗiye man ba. Kada ka yi gudu ko aikin ƙarfi da safen, kuma in ka iso ka zauna ka huta 'yan mintuna kafin a ɗiba.

Maganin hawan jini da makamantansa akan sha da ruwa kamar kullum, sai in likita ya ce a dakata. Wanda ya riga ya fara maganin suga ko allurar insulin shi ne zai jinkirta na safe har a ɗebi jinin, ya zo da abin karyawarsa a hannu.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata a faɗa ƙarara. Wasu da sun ji za a sake gwaji sai su yi kwana uku suna gudun tuwo da shinkafa, suna ɗirkar ruwan shuwaka da garafuni da zogale, don lambar ta yi kyau. Tana iya yin kyau kuwa, amma ciwon yana nan, an dai ɓoye shi daga likita ne. Ana son a ga yadda jikinka yake a rayuwarka ta kullum, don haka ka ci abin da ka saba ci. Haka mai shan giya, idan ya sha da daddare tana hana hanta sakin suga, sai safiya ta nuna ƙasa da gaskiya.

Game da azumin Ramadan, wani zai ce tunda ya yi sahur da asuba, zuwa la'asar ya wuce awa 8, bari ya gwada. Ba daidai ba ne da gwajin safe. Suga yakan fi hawa da sassafe saboda sinadaran da jiki ke saki gab da asuba, ya sauka da yamma, don haka gwajin la'asar yana iya wanke mai ciwo. Ga kuma rashin ruwa. In ana son bincike a natse, a yi shi a Rajab ko Sha'aban, ko bayan salla.

Yanzu na'urar yatsa. Amfaninta babba ne ga wanda aka riga aka tabbatar yana da ciwon, yana bibiyar kansa a gida, amma ba a ƙera ta don yanke hukunci ba. Ƙa'idar ingancin da ake bi a duniya ta yarda na'ura mai kyau ta kauce da kashi 15 cikin 100 sama ko ƙasa idan suga ya kai 100. Ma'ana, 131 ɗin da ka gani, ainihin sugan zai iya zama 114, zai iya zama 154. Ɗaya bai kai ciwo ba, ɗaya ya wuce iyaka da nisa. Wannan fa na'ura mai lafiya ce da tsinken gwaji mai kyau, wato ɗan abin da ake ɗiga wa jinin a cusa a na'urar. Yawancin tsinkayen an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, alhali a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai zafin Afrilu yana haura 40, shagon kuma rufin kwano. Tsinken da ya sha zafi, ko aka bar kwalbarsa a buɗe damina ta shiga, ko wa'adinsa ya ƙare, komai ma yana iya nunawa. Yatsan da ya taɓa mangwaro ko dabino ko rake ba a wanke ba yana iya ɗaga lambar sosai. Hanyar da ta dace ita ce a wanke hannu da sabulu, a bushe shi sarai, a soki gefen kan yatsa, kada a matse da ƙarfi don ruwan nama yana gauraya da jinin. Idan an goge da sifirit a bari ya bushe tukuna. Mai ƙarancin jini kuma na'urori da yawa kan nuna masa sama da gaskiya.

Ɗakin gwaji ma ba a rufe ido a kansa. Bayan an zuƙo jini a kwalba ƙwayoyin jinin suna nan da rai, suna ci gaba da cin sugan da ke ciki, kusan kashi 5 zuwa 7 cikin 100 a kowace awa, fiye da haka in ana zafi. Jinin da ke da 131 idan aka bar shi awa biyu a kan tebur, ko aka ɗauko shi a babur daga ƙaramin asibiti zuwa cikin gari, zai iya komawa wajen 115, a miƙa wa mai ciwo takarda mai cewa bai kamu ba. Don haka ake zuba jinin suga a kwalba ta musamman mai sinadarin fuloraid, wadda murfinta yawanci ruwan toka ne, a wasu kamfanoni rawaya. Sai dai shi ma fuloraid ɗin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu kafin ya kama aiki sosai. Abin da ya fi shi ne a sa kwalbar cikin ƙanƙara, ko a juya jinin a inji a raba ruwansa da ƙwayoyin cikin minti 30. Ka zaɓi wurin da suke aunawa a nan take, kuma ba rashin kunya ba ne ka tambaya ko a nan za a yi ko aikawa za a yi. Ga marar lafiya da ke kwance, ba a ɗibar jini daga hannun da ake ƙarin ruwa, don ruwan da yawa akwai suga a ciki.

Sai abubuwan da ke ɗaga suga da gaske amma na ɗan lokaci. Zazzaɓi mai zafi, ciwo mai ruɓa, tiyata, haɗari, duk suna sa jiki ya saki sinadaran da ke ɗaga suga, shi ya sa ba a yanke hukunci da gwajin da aka yi ana tsakiyar jinya. A bari a warke, a yi 'yan makonni, a sake. Cikin magunguna babban mai laifi shi ne dangin deksa da firednisolon, waɗanda ake sha barkatai don ciwon gaɓɓai, asma, ko neman ƙiba, kuma akwai irinsu a wasu mayukan bilicin da ke ratsa fata idan an daɗe ana shafawa. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari da wasu na taɓin hankali su ma suna ɗagawa. Kwinin kuwa saukar da shi yake yi. Ka tattara duk abin da kake sha, har da na gargajiya, ka nuna wa likita. Wanda ya daɗe yana shan deksa kada ya yanke shi rana ɗaya, yin haka yana da haɗari, a hankali ake janye shi.

Ko an kiyaye komai, sugan safe na mutum ɗaya yana bambanta daga yau zuwa gobe da 'yan lambobi. Rashin barci ma kaɗai yana taɓa shi. Wannan ne ya sa ga wanda ba shi da alamu kamar kai ake buƙatar sakamako biyu da suka kai iyaka. Ko dai a maimaita gwajin safen a wata rana, cikin mako ɗaya ko biyu, ko a haɗa shi da wani gwaji daban. In aka yi iri biyu suka saɓa, wanda ya nuna sama shi ake maimaitawa. Banda wanda alamu suka bayyana a kansa: yawan fitsari har da dare, ƙishirwa marar yankewa, rama ba dalili, gajiya, gani dishi-dishi, gyambon da ya ƙi warkewa, ƙaiƙayin gaba mai dawowa. Irin wannan idan aka auna shi a kowane lokaci, ya ci ko bai ci ba, aka ga 200 ko sama, magana ta ƙare. Tururuwa a wurin fitsari da ake yawan dogara da ita alama ce mai zuwa a makare, don ƙoda ba ta fara zubar da suga sai ya kai wajen 180 a jini.

Gwajin safe yana da rauninsa. Akwai mutane, musamman dattawa da marasa jiki, da sugansu na safe bai kai 126 ba amma da sun ci abinci sai ya haye ya daɗe bai sauko ba. Su gwajin shan suga ke kamawa: a kwana da yunwa, a ɗebi jini, a narka gulukos giram 75 a ruwa kofi ɗaya a shanye cikin minti 5, a zauna ba yawo ba taba, a sake ɗiba bayan awa 2 cif. Ƙasa da 140 lafiya, 140 zuwa 199 bakin kamuwa, 200 zuwa sama ciwon suga. Kwana uku kafin wannan gwajin dole a ci abinci mai sitaci yadda aka saba, in ba haka ba ya nuna ciwon da babu.

Na uku shi ne HbA1c, wanda ba ya buƙatar yunwa kuma yana nuna matsakaicin sugan wata 2 zuwa 3 da suka wuce, ta hanyar auna sugan da ya manne a jajayen ƙwayoyin jini. Daga 6.5 cikin 100 ciwon suga ne, 5.7 zuwa 6.4 bakin kamuwa. Gwaji ne mai kyau, amma a ƙasarmu sai da lura, don ya dogara ne a kan ƙwayar jini ta yi kwanakinta kusan 120. Mai sikila ƙwayoyinsa ba sa kaiwa ko kusa, don haka ba a amfani da shi a kansa. Mai AS, wato wanda ya gaji sikila daga ɓangare ɗaya na iyayensa kawai, wanda kusan mutum 1 cikin 4 ne a Najeriya, ya danganta da irin injin da aka auna da shi. Wanda aka yi wa ƙarin jini, ko ya zubar da jini, ko zazzaɓin cizon sauro ya farfasa masa ƙwayoyi kwanan nan, sakamakonsa kan faɗi ƙasa da gaskiya, mai ƙarancin sinadarin ƙarfe kuma nasa kan hau. Ga tsada. Shi ya sa a wurare da yawa gwajin safe da aka yi da kyau sau biyu ya fi zama abin dogaro.

Mai juna biyu lissafinta daban ne, kada a karanta nata da waɗannan lambobi. A wurinta daga 92 da safe an shiga ciwon sugan ciki, kuma akan yi mata gwajin shan suga tsakanin mako na 24 da na 28. Yaro ko matashi kuwa da ke rama da sauri, yana yawan sha da fitsari, ba a ce masa ya dawo gobe da yunwa. A soke yatsa nan take. Idan ga amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, ko magagi, ko na'ura ta rubuta HI a maimakon lamba, wato sugan ya haura abin da take iya aunawa, asibiti za a nufa a wannan sa'ar, babba ne ko yaro.

Kai abin da ya rage maka shi ne ka je asibiti cikin makon nan a rubuta maka gwajin jijiya, ka yi shi bisa ƙa'idar da aka zayyana, kada ka sayi maganin tukuna. Wasu ƙwayoyin da kemis ke saurin miƙawa, irin su gilibenkilamaid, suna tilasta wa jiki sakin insulin ko da buƙata ko babu, kuma suna iya kayar da suga ƙasa da 70 har mutum ya yi gumi, ya yi karkarwa, ya suma. Bayan haka, in ka fara sha kafin gwaji ka ɓata sakamakon, ba za a san ko da ma kana da ciwon ba.

Idan ya fito ƙasa da 100, saboda shekarunka da tarihin mahaifiya ka riƙa sakewa aƙalla duk shekara 3, kuma tunda an taɓa ganin 131, ba laifi likita ya ƙara da ɗaya daga cikin sauran gwaje-gwajen biyu. Idan ya faɗo tsakanin 100 da 125, duk shekara za ka auna, kuma a wannan mataki ne gyara ya fi tasiri. Wani babban bincike da aka yi a Amurka aka fitar a 2002 ya nuna masu bakin kamuwa da aka sa su rage kusan kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, suna tafiya da sauri minti 150 a mako, sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin 100, fiye da waɗanda aka ba maganin suga na metfomin, da suka rage da kashi 31. Ga mai kilo 90, maganar kilo 6 ake yi, da tafiyar rabin awa kwana biyar a mako, da rage lemon kwalba, shayi mai suga da girman malmala.

Idan kuwa ya kai 126 sau biyu, to an tabbatar, sai a zauna da likita a zaɓi magani. Nau'in ciwon da ke kama manya yakan yi shekaru a jiki kafin a gano shi, don haka tun ranar farko ka nemi a duba bayan idonka, a auna ƙoda ta jini da fitsari, a duba tafin ƙafa, a auna hawan jini da kitsen jini. Daga nan ne na'urar yatsa za ta yi maka amfani a gida, kuma lambar da akan nema wa mai shan magani da safe ita ce tsakanin 80 da 130, sai in likitanka ya sa maka wata saboda shekaru ko wani ciwon.